Tambayoyi da Amsoshi Kan Bambancin Farashin Abinci da Abin Sha a Harabar Jami'o'in Najeriya

Duk wanda ya yi zaman jami'a a Najeriya a 'yan shekarun nan ya san wannan ƙorafi: farantin shinkafa da miya da aka saya a bakin ɗakunan kwana kuɗinsa daban yake da na wanda aka saya kusa da ajujuwa, kuma kwalbar lemo iri ɗaya tana iya samun farashi uku a cikin haraba ɗaya, a rana ɗaya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyayensu da ƙananan ma'aikata suka fi yawan yi game da lamarin.

Mene ne bambancin tsada da rashin daidaiton farashi?

Tsada ita ce abu ya fi ƙarfin aljihun mai saye, kuma wannan ta shafi kowa a ƙasar, ɗalibi da wanda ba ɗalibi ba. Rashin daidaito kuwa shi ne mutum ya fito daga ɗakinsa da kuɗi a hannu ba tare da ya san abin da kuɗin za su saya masa ba. Wani lokaci bambancin tsakanin shago da shago yake, wani lokaci tsakanin safiya da dare a shago guda, wani lokaci kuma tsakanin mutum biyu da suka tsaya a layi ɗaya. Akwai kuma wanda ya fi su ɓoyewa, wato kuɗin faranti ya tsaya cak amma abin da ke cikinsa ya riƙa raguwa. Ɗalibin da ya san abinci ya yi tsada zai iya tsara yadda zai ci sau biyu a yini maimakon sau uku. Wanda bai san farashin gobe ba babu lissafin da zai yi ya tsaya, kuma wannan ne ya sa ƙorafin rashin daidaito ya fi na tsada ɗaci a bakin ɗalibai.

Wa ke yanka farashin abinci a cikin jami'a?

A mafi yawan jami'o'in gwamnati, na tarayya da na jihohi, mai sayarwa ne ke yanka farashinsa. Hukumar jami'a tana ba da shago ko fili haya, tana karɓar kuɗinta, wani lokaci tana tura jami'an lafiya su duba tsabta, amma dafa abinci da sayar da shi sun koma hannun 'yan kasuwa.

Da ba haka abin yake ba. Har zuwa farkon shekarun 1980 jami'o'in tarayya su ne ke ciyar da ɗalibansu a manyan ɗakunan cin abinci, da tikiti mai farashi ɗaya wanda gwamnati ke tallafa wa. Farashin nan yana da nauyi sosai a siyasar ƙasa. A watan Afrilun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana ya haddasa zanga-zangar ɗalibai a faɗin ƙasar ƙarƙashin jagorancin Segun Okeowo, inda suka dage sai Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin, ya sauka. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta janye tallafin ciyarwar, daga nan aka fara bai wa 'yan kwangila ɗakunan cin abincin, rumfuna da tebura suka yawaita a kewayen ɗakunan kwana. Tun daga lokacin babu wani ofishi guda da za a ce shi ke da alhakin farashin faranti. Rashin daidaiton da ake kuka da shi yau daga wannan giɓin ya samo asali.

Me ya sa lemo ko ruwan leda na kamfani ɗaya ke da farashi daban-daban a haraba ɗaya?

Wannan tambaya ta fi kowacce ƙarfi, domin mai abinci zai iya cewa miyarsa ta fi ta maƙwabcinsa nama, amma mai lemo ba shi da irin wannan hujja, tunda kwalbar daga masana'anta ɗaya ta fito.

Abu na farko shi ne inda kowa ya yi sari. Babban gidan abinci da motar dillalin kamfani ke sauke wa kaya a ƙofa ba daidai yake da mai ƙaramin tebur da ke hawa Keke Napep ya je kasuwa ya sayo kiret biyu daga hannun wanda shi ma saro su ya yi ba. Na biyun ya biya ribar mutum biyu da kuɗin mota kafin kwalbar ta iso teburinsa.

Na biyu, kuma a ganina mafi girma, shi ne sanyi. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, cikin watannin Maris da Afrilu, ɗalibi ba ruwa kawai yake saye ba, sanyin ruwan yake saye. Shagon da ke kan layin wutar jami'a, firijinsa na aiki ba dare ba rana, zai iya sayarwa da sauƙi. Wanda ke tayar da janareta yana zuba fetur. Mai tebur kuwa da sassafe zai sayi dunƙulen ƙanƙara, ya fasa shi a cikin kula, ya jera ledojin ruwa da kwalabe a kai, ya rufe da buhu. Kafin la'asar ƙanƙarar ta narke, sai ya sake aikawa a sayo wata, kuma a ranar da babu wuta a gari kuɗin ƙanƙarar kansa ninkawa yake yi. Jakar ruwan leda guda 20 take ɗauka, ribar da ke cikinta ba ta da yawa, don haka ƙaramin ƙari a kuɗin ƙanƙara nan take yake bayyana a farashin leda ɗaya. Ita ma wutar jami'ar ba kyauta ba ce yanzu. Ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta a yini, zuwa naira 225 kan kowane yunit na mita, daga abin da bai kai naira 70 ba, kuma jami'o'i da dama da ke kan wannan rukuni sun koka a fili cewa kuɗin ya fi ƙarfinsu. Inda aka sanya wa shaguna mita ko aka ƙara musu kuɗin wuta na wata, ƙarin yana komawa kan kwalba.

Akwai kuma hujjar da ba ta kamata a karɓa ba. Wasu masu shago kan ce harajin lemo ne ya jawo ƙarin. Harajin gaskiya ne, Dokar Kuɗi ta 2021 ce ta kawo shi, aka fara karɓarsa a 2022, amma naira 10 ne kan kowace lita, wato naira 5 kan kwalba mai rabin lita, kuma tun a masana'anta ake biyansa, saboda haka ya hau kan kowace kwalba daidai wa daida. Ba zai iya zama dalilin da ya sa shago ɗaya ya fi wani tsada ba.

Shin ba hauhawar farashin kaya a ƙasa baki ɗaya ce ta jawo hakan ba?

Ta jawo wani sashe. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin shekarar, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari a watan Yunin 2024. A irin wannan yanayi, mai abincin da ya sayi buhun shinkafa mai kilo 50 a farkon wata da wanda ya saya a ƙarshensa ba kuɗi ɗaya suka biya ba, kuma wanda ke awon kwano biyu ko uku kullum ya fi su duka biyan tsada. Kayan miya ma haka suke: tumatir da attaruhu da tattasai suna araha lokacin da kayan lambun rani suka cika kasuwa, su yi tsada da faɗuwar damina, balle a shekarar da tsutsar tumatir ta afka wa gonaki kamar yadda ta yi a 2016.

Sai dai hauhawar farashi tana bayyana dalilin da ya sa farantin bana ya fi na bara tsada ne. Ba ta bayyana dalilin da ya sa mutum biyu suka biya kuɗi daban a tukunya ɗaya ba. Ba ta kuma bayyana abin da ɗalibai suka fi lura da shi ba, wato da zarar kaya sun tashi a kasuwa, washegari an ƙara kuɗin faranti, amma idan kaka ta yi, hatsi ya sauko a Dawanau, sai a shafe watanni faranti bai motsa ba. Masu abinci kan ce suna mayar da asarar da suka yi a baya ne, kuma akwai gaskiya a maganar, amma babu wanda ke sanar da ɗalibi ranar da mayar da asarar za ta ƙare.

Idan kuɗin faranti bai canja ba amma abincin ya ragu, shi ma ƙarin farashi ne?

Ƙarin farashi ne, kuma shi ne mafi wuyar kamawa. Abincin jami'a da ludayi da cokali da malmala ake auna shi, ba da sikeli ba. Wanda ya tsaya ya lura da hannun mai zuba abinci zai ga cewa ludayi ɗaya yana da hali iri-iri: ana iya ciko shi ya yi tozo, ana iya share bakinsa a jikin tukunya, ana iya girgiza shi sau ɗaya kafin ya isa faranti, kuma dukkansu sunansu ludayi ɗaya. Malmalar tuwo takan ƙanƙance a hankali har sai an wayi gari biyu ba sa ƙosar da wanda ɗaya da rabi ke ƙosarwa a zangon da ya wuce. Yankan nama yakan sirance, waken da ke cikin garau-garau yakan yi ƙaranci, mai shayi yakan rage madara, awara da ƙosai sukan tsuke.

Mai abinci yana yin haka ne sau da yawa saboda tsoron korar masu saye, domin ya san ɗalibi ya fi jin zafin a ce masa an ƙara naira 100 fiye da a rage masa loma uku. Amma wannan hanya ta fi cutarwa, domin tana hana mai saye kwatanta shago da shago. Al'ummarmu ba ta ɗauki tauye mudu da wasa ba, akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da ta buɗe da gargaɗi ga masu yin sa, kuma ma'aunin dafaffen abinci bai fita daga wannan hukunci ba don kawai ba a kasuwar hatsi ake yin awon ba. Gara mai abinci ya fito fili ya ce kuɗi sun ƙaru, ya bar ludayinsa yadda aka san shi.

Me ya sa abinci a cikin jami'a kan fi na wajen ƙofa tsada, alhali filin na gwamnati ne?

Filin na gwamnati ne, amma mai shago haya yake biya, kuma jami'o'i sun ƙara dogara da irin waɗannan kuɗaɗen shiga don cike giɓin abin da gwamnati ke ba su. Bayan haya akwai kuɗin wuta da na ruwa da na kwashe shara da na rajista. Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa a fili ba: wanda aka rubuta sunansa a takardar shago ba lalle ne shi ke cikinsa ba. Idan mai hanya ya karɓi shago a farashin hukuma ya sake bayar da shi haya a ninki, mai dafa abincin yana biyan haya biyu ke nan, kuma daga farantin ɗalibi zai fitar da su. Shaguna biyu da ke jere, ɗaya na hannun farko ɗaya na hannu na biyu, ba za su taɓa sayarwa daidai ba.

Sannan kasuwar jami'a ba ta shekara ba ce. Ana hutu tsakanin zango da zango, ana dogon hutu, ana kuma yajin aiki. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma duk tsawon lokacin masu abinci sun zauna babu ciniki, wasu jarinsu ya karye. Wanda ya san watannin cinikinsa ƙidayayyu ne dole ya nemi abin da zai riƙe shi a watannin da babu kowa.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Ɗalibin da ke da minti ashirin tsakanin lacca da lacca ba zai iya fita ƙofa ya dawo ba, musamman a haraba mai faɗi da ke nesa da gari, kuma ɗalibar da dokar ɗakin kwana ta hana ta fita bayan wani lokaci ba ta da zaɓi sai shagon da ke kusa. Wasu 'yan kasuwa sun san haka, kuma suna cin moriyarsa. Inda gasa ta yi ƙaranci, nan farashi ya fi yin yadda ya ga dama.

Gaskiya ne ana duban fuskar mutum kafin a faɗa masa kuɗi?

Yana faruwa, musamman inda babu farashi a rubuce. Sabon ɗalibi a makonninsa na farko, da iyayen da suka zo rajista ko bikin yaye ɗalibai, da wanda ba ya jin harshen mai sayarwa, su ne suka fi faɗawa ciki. A ɗaya gefen kuma akwai tsohon mai saye da ake yi wa gyara ko a ɗaga masa ƙafa idan kuɗinsa ba su cika ba, har ma a ba shi bashi zuwa ƙarshen wata. Wannan kyautatawa ce da ta riƙe ɗalibai da yawa a lokacin da aljihu ya bushe, kuma ba ita ake ƙorafi a kai ba. Mai kaya yana da ikon yi wa wanda ya so ragi daga sanannen farashi. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗora wa wanda bai sani ba ƙari a kan farashin da kowa ke biya.

Me ya sa ake ƙara kuɗi idan an biya da taransifa ko POS?

Al'adar ta yi ƙarfi ne tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, sa'ad da tsabar kuɗi ta zama haja. Mai abinci yana sayen gawayi da kayan miya da tsabar kuɗi, kuma idan cinikinsa ya taru a asusu sai ya biya mai POS kafin ya cire. Wannan kuɗi ne na gaske, amma ƙanƙani ne idan aka raba shi kan cinikin yini. Harajin naira 50 da ake cira kan tura kuɗi ta intanet ya shafi abin da ya kai naira 10,000 ne zuwa sama, saboda haka ba shi da alaƙa da kuɗin faranti ɗaya. Haka nan matsalar canji: idan babu ƙananan takardun kuɗi, sai a cike farashi zuwa sama, ko a miƙa wa mutum alewa a madadin canjinsa. Robar zuba abinci ta tafi-da-gidanka ma wasu na haɗa kuɗinta a cikin farashi, wasu na karɓa daban ba tare da sun faɗa tun farko ba.

Akwai dokar da ta tilasta a rubuta farashi?

Akwai. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi a sashe na 115 cewa kada ɗan kasuwa ya baje kaya ko aiki don sayarwa ba tare da ya nuna farashinsa a fili ba, kuma kada ya karɓi fiye da abin da ya nuna. Idan farashi biyu suka bayyana kan abu ɗaya, mafi ƙanƙanta ne mai saye zai biya. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci bisa zargin cewa farashin da aka rubuta inda aka jera kaya ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. Dokar ba ta ware harabar jami'a ba. Amma babu mai tsammanin jami'an hukumar za su riƙa zagaya rumfunan masu shayi, kuma ba a buƙatar hakan, domin jami'a tana da makamin da ya fi nasu kaifi: ita ce mai shagon, kuma tana iya sanya rubuta farashi a cikin sharuɗɗan haya.

To me zai hana jami'a ta ƙayyade farashi ɗaya ga kowa?

Ana yin haka lokaci zuwa lokaci. Ƙungiyar ɗalibai ta zauna da 'yan kasuwa da ofishin kula da harkokin ɗalibai, a fitar da takardar farashi, a manna a allunan sanarwa, a yi murna. Bayan 'yan makonni kaya su tashi a kasuwa, takardar ta tsufa, mai abinci ya rasa yadda zai yi sai ya rage ludayi, ko ya ce abin ya ƙare alhali yana nan ga wanda zai biya ƙari, ko ya rufe shago. Najeriya ta gwada ƙayyade farashi a matakin ƙasa da dokar 1977, kuma abin da aka fi tunawa da shi daga wancan zamani shi ne dogayen layuka da ɓoye kaya. A fiƙihu ma mas'alar tsohuwa ce: an ruwaito cewa sahabbai sun roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka musu farashi lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, bai yi ba, duk da cewa malamai da dama, ciki har da na mazhabar Malikiyya, sun halatta wa hukuma shiga tsakani idan 'yan kasuwa suka ƙuntata wa jama'a.

Ra'ayina shi ne a raba kayan gida biyu. Abin da ya fito daga masana'anta a rufe, kamar lemo da ruwa da biskit da burodi, ana iya sanya masa iyakar da ba za a wuce ba, ɗaya ta mai sanyi ɗaya ta marar sanyi, domin kuɗin sarinsa sananne ne kuma kowa zai iya bincikawa. Dafaffen abinci kuwa a bar kowa ya yanka nasa, bisa sharaɗi uku: a rubuta shi ɓaro-ɓaro a ƙofar shago, a bayyana ma'aunin da ake zubawa da shi, kuma kada a canja sai an ba da sanarwa ta wasu kwanaki. Kwamitin da zai kula da wannan ya ƙunshi ɗalibai da masu abincin kansu, ya riƙa zama a kai a kai da farashin kasuwa na makon a gabansa, ya sauko da farashi idan kaya sun sauka kamar yadda yake amincewa da ƙari idan sun tashi. Ita ma jami'a sai ta sauke nata nauyin, ta bayyana kuɗin hayar kowane shago, ta hana sake bayar da shi haya, ta kuma yafe ko ta rage haya a watannin da aka rufe makaranta.

Idan duk shagunan suka koma farashi ɗaya, matsala ta ƙare ke nan?

Ba lalle ba ne. Idan ƙungiyar masu abinci ce ta zauna ita kaɗai ta tsayar da farashi, ta kuma hana duk wani ɗanta sayarwa ƙasa da haka, to ɗalibi ya samu daidaito amma ya rasa araha. Dokar 2018 da aka ambata ta haramta irin wannan haɗin baki.

Yaya ake yi a wasu ƙasashe?

Ba sai an je nesa ba. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta gaji tsarin Faransa, akwai hukuma ta musamman mai kula da walwalar ɗalibai, ita ke gudanar da ɗakin cin abinci na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, kuma ɗalibi da tikiti mai tallafi yake ci. Tsarin yana da nasa matsalolin, na cunkoso da jinkirin kuɗi daga gwamnati, kuma ɗaliban can sun sha fitowa zanga-zanga a kansu, amma ɗalibi ya san kuɗin abincinsa kafin ya fito. A Faransa kanta, a 2020 an shigo da abincin yuro 1 ga ɗalibai masu karɓar tallafin karatu, sauran kuma a lokacin suna biyan yuro 3.30. A Jamus ɗakunan cin abinci na jami'a sukan rubuta farashi uku kan abinci ɗaya, na ɗalibi da na ma'aikaci da na baƙo. Wannan misali na ƙarshe yana da amfani a gare mu, domin ya nuna cewa farashi na iya bambanta tsakanin mutum da mutum ba tare da kowa ya ji an cuce shi ba, muddin an rubuta bambancin kuma an san dalilinsa. Duk waɗannan tsare-tsare kuɗin gwamnati ne ke riƙe da su, kuma babu alamar Najeriya za ta koma ciyar da ɗalibai nan kusa. Rubuta farashi kuwa allo da alli kawai yake buƙata.

Naira hamsin ko ɗari har ta kai abin da za a yi wannan dogon zance a kanta?

Ta kai. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, ya tsayar da naira 20,000 a wata a matsayin kuɗin ɗawainiya. Idan aka raba su kwana 30, abin da ya faɗo wa yini bai cika naira 700 ba, kuma daga ciki ne za a ci abinci, a sha ruwa, a buga takardu, a hau mota. Ɗalibai da yawa ko wannan ba sa samu, abin da iyaye suka iya turowa ne kawai, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a watan Yulin 2024. Ga mai irin wannan aljihu, ƙarin naira 100 da bai yi tsammani ba yana nufin ya haƙura da ruwan sha ko ya taka da ƙafa. Ɗalibin da ya shiga jarrabawa da yunwa, ko mai gyambon ciki da ya tsallake abincin rana saboda kuɗinsa sun gaza da kaɗan, ba ƙaramin abu ya same shi ba. Dafa abinci a ɗaki yana rage wa wasu nauyi, amma jami'o'i da yawa sun hana amfani da rishon lantarki ko tukunyar gas a ɗakunan kwana saboda gobara, kuma kananzir ya daina zama makamashin talaka.

Ina ɗalibi zai kai ƙorafi, kuma yaya zai yi a saurare shi?

Matakin farko shi ne tambayar kuɗi kafin a zuba abinci, da tambayar ko kuɗin roba da na taransifa suna ciki. Babu abin kunya a wannan, kuma yana kashe yawancin gardama tun ba ta taso ba. Idan an karɓi fiye da abin da aka rubuta, a yi wa mai shagon magana cikin ladabi tukuna, domin sau da yawa yaran shago ne ke ƙari ba da saninsa ba, kuma mai abincin da ta girme wa ɗalibi ta cancanci ya kira ta Mama ko Hajiya ya faɗi damuwarsa ba tare da ɗaga murya ba.

Idan abin ya ci gaba, sai a kai wa jami'in walwala na ƙungiyar ɗalibai ko shugaban ɗakin kwana, daga nan zuwa ofishin shugaban sashen harkokin ɗalibai, wanda a yawancin jami'o'i yake da wakilci a kwamitin da ke raba shaguna. Ƙorafin da ke tasiri shi ne wanda ya zo da hujja: sunan kaya, wurin da aka saya, rana da lokaci, kuɗin da aka biya, da shaidar taransifa idan akwai. Ɗalibai kaɗan da za su raba shagunan haraba a tsakaninsu, su rubuta farashin kaya goma a rana ɗaya, su haɗa da farashin sarin kayan a kasuwa mafi kusa, za su shiga ofis da takardar da ke da wuyar musantawa. Yaɗa hoton mai abinci a Facebook ko WhatsApp tare da zagi ba ya gyara farashi, yana iya jawo wa ɗalibin hukuncin ladabtarwa, kuma yana ɓata sunan mutumin da wataƙila haya biyu yake biya. Ƙaurace wa shaguna na kwana ɗaya ko biyu hanya ce da ƙungiyoyin ɗalibai kan bi idan zama ya ci tura, amma tana buƙatar a tanadi inda marasa lafiya da masu jarrabawa za su ci abinci a ranakun, a kuma rubuta buƙatun a miƙa wa hukuma kafin a fara. Manyan gidajen abinci da kantuna masu rajista da suka ƙi gyarawa bayan duk wannan, ana iya kai ƙararsu ga hukumar FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet da ofisoshinta na shiyya.